Baba Takwas Mai Goge Ƙarfe

Kafin masu shara su gama da farfajiya, Baba Takwas ya riga ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Tagogi yake fara turawa, ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya wanke hannu kamar mai shirin yin tiyata, sannan ya zura safar roba ya zauna. Teburinsa ba abin kallo ba ne: ɗan ƙyalle mai laushi, farin gari a kwalba, tataccen ruwa, da fallayen ƙarfe da ba su fi faɗin farce ba. Yakan kifa falle a kan ƙyallen ya yi ta murzawa yana zana siffar takwas, don kada wani gefe ya fi wani cinyewa. Nan sunan ya samo asali. Har matarsa da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Aikin ɗakin ba wuyar faɗa. Idan aka tsoma ƙarfe biyu a ruwa aka sakar musu lantarki, ruwan yakan rabu, iskar haidurojin ta riƙa tsattsafowa a jikin ɗaya, ƙwaya-ƙwaya. Wannan iska makamashi ce da ba ta hayaƙi. Sai dai ƙarfen da ya fi iya aikin ɗan karen tsada gare shi, masu arahar kuma ko su yi nawa, ko ruwan ya cinye su. Farfesa, shugabar ɗakin, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana neman haɗin da za a shafa wa ƙarfe mai araha ya yi aikin mai tsada. Kowane haɗi kuwa sai a kan falle mai santsi kamar madubi yake zama. Karce ɗaya ko maiƙon yatsa ya isa ya sa shi ya ɓare, a yi ta zargin haɗin alhali ba laifinsa ba ne.

Waɗanda suka yi karatu a ɗakin ba sa gajiya da ba da labarinsa. Wani da yanzu ya zama babban malami ya ce ranar da ya fara zuwa, da hannu ya ɗauki falle don zumuɗi. Baba ya karɓa da hantsaki, ya ɗaga a haske ya ce, “Dakta, hannu ka sa mana a kai don kada a sace?” Aka yi dariya har da shi, Baba ya koma ya sake murzawa tun daga farko, bai ƙara tayar da maganar ba. Wata kuma ta ce duk ranar da haɗinta ya ɓare ta zauna tana kuka, kujera yake jawo mata, ya miƙa mata ruwa, ya bar ta sai ta gama. Idan ta share hawaye za ta tarar da sabon falle yana jiran ta.

Burinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya ga ƙarfe mai araha yana fitar da iska wata da watanni haɗin bai ɓare ba, ya gani da idonsa kafin ya ajiye aiki. Matarsa takan ce, “Kai dai Allah ya shirye ka. Tukunyata kullum tana kumfa, ba ka taɓa tsayawa kallo ba.” Shi kuma ya ce, “Taki wuta take ci, tamu wuta za ta haifa.”

Sai ga shi idon da yake son gani da shi ya fara ba shi matsala. Duhu ya soma shigowa daga gefe-gefe, likita ya ce sai dai a rage masa gudu, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Da ya so yin shiru, da ba wanda zai gane da wuri, don hannunsa ya san hanya ko da ido a rufe. Amma ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa.

“Ranki ya daɗe, daga yau kada a ƙara yarda da idona. Na daina ganin karce. Gara ki nemi wani, kada in ɓata miki aikin shekaru.”

Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. “Baba, idanu muna da su har sun yi mana yawa. Hannunka ne babu irinsa. Ka murza, mu duba.”

Kai ne, Baba, ka fifita aikin a kan kujerarka. Kai ne ka yarda waɗanda ka koya wa riƙon hantsaki su riƙa dawo maka da falle suna cewa da saura, ka karɓa ba tare da ka ɓata fuska ba. Da yawa daga cikinmu ba za mu iya wannan ba, gaskiya ce.

Cikin waɗannan fallaye aka dace. Haɗin ya kama, aka tsoma, aka zuba ido. Watanni suka yi ta wucewa bai ɓare ba, idon Baba kuma yana ta ƙara rufewa. Kowa a ɗakin ya san tsere ake yi, ba dai mai faɗa.

Ranar sallamarsa aka zaunar da shi gaban gilashin ruwan da aka tsoma ƙarfen, matarsa na gefe. Ɗalibai suna ta murna: “Baba, ka ga yadda ƙwayoyin iskar suke tashi? Ko tsayawa ba sa yi!” Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Hazo kawai yake gani. Ya koma ya jingina ya ce, “Madalla,” da wata murya da ta sa matarsa ta juya fuska ga bango. Abin ya taɓa zuciyar duk wanda ke wurin.

Farfesa ta miƙe. Ta sa aka jona tiyo daga tukunyar da iskar ke taruwa zuwa wani ɗan murhu a bakin taga, ta ƙyasta. Aka kamo hannun Baba aka kawo shi. Ya ƙura ido ya ce, “Ba ta kama ba ne?”

“Ta kama, Baba. Mu ma ba ma ganin ta. Haka wutar wannan iska take da rana, ko mai ido huɗu sai dai ya ji. Miƙo hannunka.”

Ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta ɗaga can sama da murhun. Can sai ya buɗe tafin, ya juya bayan hannun, ya sake juyawa. Hawaye suka gangaro masa yana dariya. “Ashe tana nan,” in ji shi. “Uwar yara, zo ki ji. Daga ruwa fa!”

Mun gode, Baba Takwas. Sunanka bai hau takardun da aka buga ba, amma duk wanda ya yi aiki a ɗakin nan ya san hannun da ya share masa hanya. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka sauran ganinka. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, mu koyi gyara abin da ba wanda zai yaba, mu koyi faɗin gaskiya ranar da ƙarfinmu ya fara gazawa. Idan akwai irinsa a ma'aikatarku, ku je ku gode masa yau, tun yana iya gane fuskarku.