Ranar da Aka Kira wa Ɗana Wanzami

Ko tsufa ya sa na manta komai, ba zan manta ranar da na iske wanzami zaune a gaban ɗana ba.

Yana da shekara biyu aka yi masa aikin zuciya a ƙasar waje. Likita ya gaya mini za a sake buɗe ƙirjin idan ya ƙara girma. Ya ce bayan aiki zuciya kan manne da naman da ke kewaye da ita, sai buɗewa ta biyu ta zama haɗari. Don haka suka shafa mata wani abu mai kauri da santsi ya tsaya tsakani, daga baya jiki ya shanye shi.

Muka dawo Zuru. Mijina soja ne, yana bakin aiki, daga ni sai mahaifiyarsa a gida. Ta tambaye ni abin da aka yi. Ni kuwa lokacin ba ni da haƙurin dogon bayani. Na ce, "Wani abu suka sa masa a ciki, Mama," na wuce.

Bayan kwana huɗu na dawo daga kasuwa, sai ga yaro kwance a tabarma ba riga, ɗinkin ƙirjinsa ko gama bushewa bai yi ba. Wanzami yana wasa aska, ga ƙaho uku a kwano.

Na wurgar da kaya. "Malam, ɗaga hannunka!"

Ya ce, "Ni dai an ce in zo in zuƙe abin da likitoci suka manta."

Mama ta ce, "Ba ke kika ce akwai abu a ciki ba? Kwana huɗu ban runtsa ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Na shiga madafa na ɗauko gwangwanin alala.

"Mama, me kike shafawa kafin ki zuba ƙullu?"

"Mai mana."

"In ba ki shafa ba fa?"

"Ya kama, sai an kankare." Ta kalli ƙirjin yaron. Can ta ce, "Wannan ɗin ne ya gagare ki faɗa?"

Wanzami ya tattara ƙahonsa, ya ce ko alalar ma a ba shi.

Bayan shekara uku aka yi aiki na biyu, likita ya ce mannewar ba ta yi yawa ba. Tun daga ranar nan, in tsoho ya tambaye ni abu, zama nake yi in gaya masa duka. Rabin maganata ya kusa sa aska a ƙirjin ɗana.