Tsarabar Tafiyar Minti Talatin

A shekarar da aka rushe Karantina ta Jidda, unguwar ta koma fili fetal, sai motocin haya da ke tsayawa a gefenta. A nan nake kallon wani dattijo, tsohon mazaunin unguwar, cikin farar jallabiya mai karin guga, rungume da jakar takardu. Bisa ga abin da yake gaya wa direba, a Jidda aka haife shi, amma takardar zamansa ta dindindin, wato iƙama, ba za ta tabbata ba sai ya fita ta kan iyaka, ya juyo, an buga masa hatimin shigowa.

A gabansa akwai kwalin alewa.

"Baba, jami'an za ka kai wa?" in ji direban.

"Tsarabar jikata Zinariya ce. Minti talatin zan yi a ƙasar waje, ina zan ga kasuwa? Zinariya ba ruwanta da iƙama, tsaraba ta sani. Yalla, mu je!"

Ina zaton bai taɓa barin garin nan ba. Yana sake duba takardun, alƙalami a hannu. Tsaraba ta kammala, amma gurbin adireshin gida har yanzu bai cike shi ba.