Aswakin Kawu da Kan Agogo

Jiya da hantsi na tashi gyara lokacin agogon da Kawu ya bar mini, sai ɗan kan da ke gefensa ya ƙi murɗuwa. Irin wanda ake ɗaurewa ne kamar murfin kwalba, don kada ruwa ya shiga. Har na ɗauko filaya, sai hannuna ya tsaya.

Shekarar da Kawu ya daina zuwa cin rani Kano, na taɓa kai masa nawa agogon. Na dawo daga gonarmu ta Kurni, gumi da rairayi sun cushe kan. Yana zaune bisa tabarma a ƙofar gida, hannunsa na warin man keken ɗinki. Da ya ga sawun haƙorina a ƙarfen, ya girgiza kai.

"Kai ɗan nan, cizonsa ka yi? Da ka ƙara, da ya cinye, sai dai a jefar."

Ya ciro aswaki daga aljihu, ya share gindin kan da bakinsa mai laushi, ya ɗiga mai kaɗan. Sai ga shi ya buɗe. Wajen rufewa ya danna a hankali, ya fara juyawa baya.

"Saurara. Sai ka ji ƙas, sannan ka yi gaba."

Jiya na ajiye filayar, na nemo aswaki. Kan ya buɗe. Wajen rufewa, da na ji ƙas, na ɗago kai in gaya masa. Ba kowa a ƙofar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya buɗe masa ƙofar rahama da sauƙi irin na hannunsa.