Na Ci Gardama A Tabarmar Buɗa-Baki, Tsoho Ya Bar Gidansa

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibi a Khartoum, ina karatun kwatanta addinai a ɗaya daga cikin jami'o'in Musulunci na garin. Saurayi ne ni, ɗan Katsina, siriri, mai kaifin baki, kuma na san ina da shi. Idan gardama ta kaure tsakanin ɗalibai, ni 'yan Najeriya da 'yan Nijar suke turawa gaba, ni kuwa ban taɓa cewa na gaji ba. Littafin Kiristoci na karanta shi bango zuwa bango, ba don komai ba sai don in san inda zan kama mutum. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yadda nake ganin matasa suna ta cacar baki a waya kan ko annabce-annabcen da ke cikin littafin nan abin gaskatawa ne. Ina da amsata, har yau ban sauya ta ba. Amma bayan da na bayar da ita a inda bai kamata ba, wani tsoho marar lafiya ya bar matarsa da gidansa ya nufi ƙasar da ake yaƙi.

Hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ce ta kore ni, na kama ɗaki a unguwar Alhilla Kuku, a gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen Sudan, mai shagon takalma a kasuwar Omdurman. Baba nake ce masa. Hausarsa irin ta kakanni ce, sai ya ɗauko zance da ita, kafin ya dire ya faɗa Larabci bai sani ba. Mutum ne mai tsokana. Duk ranar da ya gan ni da littattafai a hammata sai ya ce ga malamin Najeriya nan, a dafa masa shayi kada ilimin ya huce.

Gida na uku daga namu akwai wani tsoho dogo, baƙi, mutumin Kudancin Sudan, Kirista, mai saƙa gadon igiya. Kowa a layin Ammu yake ce masa, wato baffa. Da ƙasar ta rabu biyu, yawancin danginsa sun tattara sun koma Kudu, shi ya ce a nan ya tsufa, a nan zai zauna. Ɗansa ɗaya tilo ya bi su da murna. Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke a can, wayar yaron ta daina shiga, babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Tsohon yana da ciwon suga, ga wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Duk wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke riƙe da shi a Khartoum.

Wanda ya yi azumi a Sudan ya san ba a buɗa-baki a cikin gida. Da la'asar sakaliya ake yayyafa ruwa a bakin layi, a shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da siniyarsa, wato babban tire, da asida, wato tuwonsu, da miya da dafaffen wake da dabino da jan abin shan nan mai tsami da zaƙi. Mai wucewa ma tare shi ake yi, ko direban mota ne sai ya tsaya. Ammu ba ya azumi, amma tun kafin a haife ni siniyar gidansa take fitowa tare da ta kowa. Matarsa ta dafa, shi ya ɗauko yana ɗingishi, ya ajiye kusa da ta Baba, ya zauna bai taɓa komai ba sai an kira salla. Idan muka tashi yin magariba, shi ke kore mana ƙudaje daga abinci.

Wata rana cikin goman tsakiya, mun idar da salla ana zuba gahawa, wani maƙwabci ya tambaye shi ko an ji labarin yaron. Ya ce ba a ji ba, amma hankalinsa a kwance yake. Ya ce a littafinsu wani annabi na zamanin da ya yi maganar wata ƙasa da koguna suka ratsa, mai dogayen mutane, cewa za ta sha wuya ƙwarai, amma daga ƙarshe mutanenta za su taru su kawo wa Allah kyauta. Ya ce limamin cocinsu ya nuna musu ƙasarsu ake nufi, to tunda wuyar ta zo yadda aka faɗa, taruwar ma za ta zo, kuma ɗansa yana cikin masu taruwa. Mutane suka ce Allah ya sa, aka ci gaba da kurɓar gahawa. Ni kuwa sai na ji kamar an buɗe mini takardar jarrabawa an ba ni tambayar da na kwana ina bita.

Na gyara zama na fara. Na ce wurin da yake magana na san shi, kuma an rubuta shi ne ga mutanen wani zamani mai nisa, da sarakunansu da manzanninsu, ba ga mutanen yau ba. Na ce ƙasar da koguna suka ratsa ai ba ɗaya ba ce, ko tamu Najeriya Kwara da Binuwai sun raba ta, dogayen mutane kuwa ya zo Katsina in nuna masa Fulani. Aka yi dariya, dariyar ta ƙara mini kuzari. Na ce malaman Kirista kansu ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Na tuna masa ranar da ƙasar ta rabu mutanensu sun ce annabcin ya cika, da yaƙi ya zo kuma suka ce shi ma annabcin ne, to maganar da ta dace da daɗi ta dace da wuya, da me za a gwada gaskiyarta? Baba ya yi gyaran murya, ban kula ba. Ya turo mini dabino, na ture. Ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin riga, na janye ƙafar na ci gaba. Na rufe da cewa ko da ma ƙasarsu ake nufi, babu inda aka ambaci ɗansa.

Tsohon bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni ɗansa, ya tambaye ni abu ɗaya, wai a duk karatun da na yi, babu alkawari a wurin nan cewa waɗanda suka tafi za su dawo? Na ce babu. Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, ya ɗauki siniyarsa ya tafi. Na kwanta ranar ina jin na yi wa addini aiki.

Washegari Baba ya ce in raka shi shago. Muka haye gada muka shiga Omdurman. Sai da ya buɗe shago ya zauna, sannan ya tambaye ni ko na san abin da ya kawo kakansa ƙasar nan. Na ce hanyar Makka. Ya ce har da ita, amma abin da ya tayar da su daga ƙasar Hausa, da mata da yara da jakuna, faɗar malamansu ce cewa ƙarshen zamani ya matso, kuma a gabas, bakin kogin Nilu, za a sadu da Mahadi. Wasu sun mutu a hanya, wasu sun iso, sun jira har suka tsufa. Ya ce shi bai san ko malaman sun fahimci abin daidai ba, amma da wani yaro mai littafi ya tare kakansa a tsakiyar daji ya warware masa maganar, da a nan zai zauna ya mutu. Sannan ya gaya mini abin da kowa a layin ya sani ban da ni. Tun da wayar yaron ta ɗauke Ammu yake son tafiya nemansa, da ƙafar nan tasa. Matarsa ta yi kuka, maƙwabta sun yi roƙo, bai ji ba. Limamin cocinsu ne ya zaunar da shi da wannan annabcin, ya ce ya jira alkawari. Musulmin layin duk sun san ba aƙidarsu ba ce, suna cewa Allah ya sa ne don tsohon ya zauna.

Da rana tsaka na koma na sami Ammu a rumfarsa yana ɗaure igiya a jikin wani gado. Ya ba ni kujera, har yana ba ni haƙuri wai ba dama ya ba mai azumi ruwa. Na nemi gafara, ya ce bai riƙe ni ba, shi bangaskiyarsa ga Allah tana nan inda take. Sai dai ya kwana yana tunani, ya ga idan ba a yi masa alkawarin dawowar yaron ba, to nemansa aikin uba ne. Na rikice, na fara kame-kame, ina cewa ai fassara tana da yawa, wataƙila limaminsu ya fi ni sani. Ya yi murmushi ya ce kada in yi ƙarya da azumi a bakina.

Bayan sallah da 'yan kwanaki ya tafi. Ni da Baba muka kai shi tasha, ya hau motar da ke bi ta Jabal Awliya ta yi kudu, da ƙullin magungunansa da sandarsa. Matarsa ba ta zo tasha ba. Sau ɗaya ya kira daga wani gari kusa da iyaka ya ce ya isa lafiya, daga nan shi ma wayarsa ta daina shiga.

Da azumi ya zagayo, ranar farko muna shimfiɗa tabarmi sai ga matar Ammu ta leƙo daga ƙofa ta ce siniya ta haɗu, a zo a ɗauka. Baba bai dubi kowa ba sai ni. Haka na yi watan nan ina zuwa ƙofarta kowace yamma, kuma kowace yamma sai ta tambaye ni ko a jami'armu akwai ɗan Kudu da ya ji wani labari. Ba ta taɓa yi mini maganar abin da na yi ba, ko da yake ta sani.

Yau ina koyarwa a gida, kuma idan ɗalibi ya yi mini waccan tambayar ina ba shi amsa ba tare da inda-inda ba. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ya aiko annabawa, amma ɗauko tsohuwar magana a ɗora ta kan labarin yau aikin mutane ne, mutane kuwa suna kuskure, nasu da namu. Wannan na faɗa a aji, zan faɗa a gaban duk wanda ya zo da niyyar muhawara. Tsohon nan bai zo muhawara ba. Abinci ya kawo mana, aka tambaye shi ɗansa, ya faɗi abin da yake dogarawa. Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana masu karatu, musamman masu kaifin baki irina: kafin ka warware wa mutum abin da ya gaskata, ka bincika me ya ɗaure da shi, kuma idan dattijo ya taka maka ƙafa a wurin zama, ka yi shiru ka tambaye shi dalili daga baya. Na gama karatu na dawo da takardar digiri mai daraja ta ɗaya, kuma har ranar da na bar Alhilla Kuku ban samo wa matar nan amsar tambayarta ba.