Masu Takobi

Kawuna yana da ƙamus ɗin Turanci, kuma a unguwarmu a Yankara wannan kaɗai ya isa a tashi a ba mutum tabarma. Tun yana malamin awon auduga ya samo shi, katon littafi mai nauyin turmi. Gara ta riga shi karantawa, ta cinye bangon gaba da shafukan farko, ta tsaya daidai inda kalmomi suka fara, kamar ta san nan ba huruminta ba ne.

A cikin ƙamus ɗin akwai kalmomin da aka sa wa wata 'yar alama a gefe, mai kama da wuƙa, tsininta a ƙasa. Kawu ya daɗe da yanke hukunci a kansu. Ya ce ba a rataya wa talaka takobi, saboda haka waɗannan su ne manyan kalmomi, waɗanda Bature ke ajiyewa sai zai yi magana da na gaba da shi. Masu takobi yake kiransu. Ranar kasuwa yakan zauna a gindin darbejiya, duk mai son takardar Turanci ya same shi. Ta neman taki yana sa mata mai takobi ɗaya. Ta neman aiki kuwa ba ta tashi ƙasa da biyar. Har yau ina jin yadda yake furta "eftsoons", yana lumshe ido kamar mai shan fura da zuma.

Ina kwalejin horon malamai na ci karo da irin ƙamus ɗin a ɗakin karatu, nasu da bangonsa lafiya lau. Na buɗe shafukan da gara ta hana mu gani. Ashe alamar nan ba ta girma ba ce. Tana nufin kalmar ta mutu, an daina amfani da ita tun kafin a haifi kakan Kawu. Na yi dariya har mai kula da ɗakin ya harare ni, daga baya kuma na tuna Kawu. Na dawo hutu ban gaya masa ba.

Da na gama karatu, aka ce ana ɗaukar malaman firamare a Faskari. Ina son aikin nan kamar raina, don na gaji da zaman tsince wake a tsakar gida da takardar shaida a ƙasan akwati. Kafin in ce uffan Inna ta aika wa ƙanenta, wato Kawu, cewa ga 'yarsa na neman aiki. Kwana biyu ya yi yana rubutu. Ya kawo mini takarda mai masu takobi tara, ya ce ko ɗan dagaci bai taɓa yi wa haka ba.

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Da ya fita na zauna na rubuta tawa, layi shida, Turancin da ko ɗan aji huɗu zai gane. Ita na sa a ambulan, na hau acaɓa na kai Faskari. Tasa kuma na cusa ta a bayan kwanukan Inna, don ban iya yaga ta ba.

Aka kira ni, aka ɗauke ni. Kawu ya zagaye kasuwar Yankara da labari, har masu zuwa daga Ƙanƙara da Sabuwa sai da suka ji cewa masu takobi tara sun shiga ofis sun fito da aiki. Ni kuwa in ya fara sai in sunkuyar da kai, mutane suna cewa yarinyar akwai kunya.

Abin da ban lissafa ba shi ne Inna. Ita a wurinta takarda iri biyu ce, mai rubutun Arabiyya da ake ɗagawa sama, da ta boko da ake ƙunshe kaya. Wata Laraba ta ƙunshe daddawa a takardar da na ɓoye, ta aika gidan ƙanenta.

Da la'asar aka ce Kawu na kira. Na same shi a zaure, takardar a shimfiɗe kan gwiwarsa, ta yi maiƙo, tana tashin wari.

"Ɗiyata, wagga ba ta je Faskari ba."

Na ce ba ta je ba. Ya tambaye ni ko rubutun ne bai yi kyau ba. Da ƙarya na shirya, amma yadda ya yi tambayar ya sa na faɗa masa komai, da ɗakin karatun, da shafukan da gara ta ci. Ya jawo ƙamus ya buɗe, ya ɗora yatsa kan wata mai takobi.

"Har da wagga?"

"Har da ita, Kawu."

Ya daɗe yana kallon shafin. Na zaci faɗa zai yi, ko ya ce boko ya lalata ni. Sai ya fara ambaton mutane, wane da ya nemi aikin gadi, wane da ya nemi gurbin karatu, duk waɗanda suka kai takardarsa ba a kira su ba. Ashe ba girmansa yake tunani ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Kasuwa ta gaba ya sa aka shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiya. Ya gaya wa mutane idonsa ya fara gajiya, 'yarsa za ta riƙa rubutawa, shi yana dubawa. Ba wanda ya ji wani dalili bayan wannan, daga bakinsa ko nawa. In na gama sai in miƙa masa, ya bi layi-layi da yatsa, ya gyaɗa kai.

Wata rana muna naɗe tabarma ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, ko akwai laifi in mutum ya riƙa faɗin masu takobi shi kaɗai, don daɗin bakinsa. Na ce babu.

Ƙamus ɗin yana wurina yanzu. Duk mai takobin da ke ciki, gefenta ya yi baƙi da yatsansa.