Farar Miyar Rabi

Jama'a, ku zo ku ji abin da aka yi mini yau a gidanmu.

Ƙanwata Rabi ta dawo Rano hutu daga Kano, ta ce ita za ta yi abincin dare. Ta soya kaza, ta zuba madarar shanu, ta narka cuku a ciki, miya ta fito fara fat. Na ce mata, "Baba ba zai ci wannan ba. Shekara shida ina yi masa tuwo da miyar kuka, na san bakinsa."

Bayan magariba ta kai masa da shinkafa. Ya leƙa kwanon ya ce, "Rabi, miya ce ko fura?" Na ƙyalƙyale da dariya.

Ya ɗanɗana, ya ci gaba da ci. Wallahi sai da ya suɗe kwanon! Har da cewa, "Yarinyar nan ta iya girki, Allah ya yi mata albarka." Ni kuwa ko sau ɗaya bai taɓa yaba tuwona ba.

Na tafi rufe akurki raina a ɓace, sai na ga babu babbar kazata. Na ce, "Rabi, ina kazata?"

Ta ce, "Yaya, ai ita Baba ya yaba."