Cizo Ɗaya, Sauran Na Yaya

An ɗauke ni daga teburin gaba an mayar da ni lungun baya kusa da masu guga, an zaunar da ƙanwata a kujerata. Dalilin kuwa ita ta rame, ni na ƙara ƙiba. Madam, mai shagon ɗinkin da muke aiki, ba ta fito ta faɗa haka ba. Cewa ta yi, "Kin san mai zama a gaba ita ke saka sabon ɗinki don masu shigowa su gani." Sai ta kalli rigar da ke rataye, ta kalli ƙuguna. Ni ba yarinya ba ce, na gane.

Teburin gaba ba ƙaramin wuri ba ne. Nan ake karɓar yadi, nan ake awo, nan fanka mai lafiya take. Tun shagon bai wuce ɗaki guda ba nake zaune a wurin. Akwai matan da na auna su suna 'yan mata, yau ina auna 'ya'yansu. Yanzu ina baya, tururin guga na dukan ƙeyata, ina leƙen ƙanwata ta tsakanin labule tana juyi cikin rigar da ni na yanka ta.

Tunda kowa yabonta yake, bari ni ma in ba da tarihinta, don babu wanda ya san ta kamar ni.

Ita ce autar gidanmu. Da kumatunta aka haife ta, babanmu ya kalle ta ya ce Tulu, sunan ya bi ta har yau. Ni na goya ta, bayana shaida ne. Tana ƙarama in aka raba mana alawa, takan cinye tata a tsaye, ta zo ta zauna a gabana tana haɗiyar yawu har sai Mama ta ce, "Haba, ba ƙanwarki ba ce? Sam mata mana." Haka na girma ina sam mata. Ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Da yara suka shiga makaranta zaman gida ya ishe ta, ni na roƙi Madam ta ɗauke ta. Aka ba ta saka maɓalli da kalmasa, aka ajiye kekenta a gefen teburina don in riƙa duba aikinta.

Hannunta na da kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma aljihun kekenta, inda kowa ke ajiye zare da allura, ita biskit ne a ciki da cakulan. Hannu ɗaya na kan riga, ɗayan na cikin aljihu, ba ta ma san tana ci ba. Akwai ranar da wani malamin makaranta ya dawo da farar rigarsa, ya nuna mana shatin yatsa na maiƙo daidai ramin maɓalli. Ni na ba shi haƙuri.

Bara ciwon gwiwa ya sa muka je asibiti tare. Likita ta ɗora mu a sikeli, ta auna jininmu, ta ce mu duka biyu mu rage nauyi tun kafin abin ya fi ƙarfinmu. Tulu kuka kawai take yi. Ni ce na saurara, ni ce na maimaita mata komai a hanyar komawa: kada a fita da safe ciki babu komai, a ci ƙwai ko wani abu mai riƙe ciki, a sha ruwa kafin abinci, a koma ƙaramin faranti, a bar lemon kwalba, kada a shiga kanti da yunwa. Muka yi alkawari za mu yi tare.

Da farko ta kasa. Takan daure tun safe, tana harare-harare kamar an yi mata laifi, har lokacin da mai kek ke shigowa da tirenta da yamma. Ƙamshin na shiga shago, shi ke nan, sai ta ci na yau ta rama na jiya.

Wata rana ta jawo kujerarta kusa da ni, ido na ƙyalli.

"Yaya, na gano bakin zaren."

"Wane zare kuma? Na rigar mutane ko naki?"

"Kwaɗayin nan a baki yake, ba a ciki ba. Cizon farko ne mai daɗi, sauran duk cika tumbi ne. In na hana kaina gaba ɗaya, haukacewa nake. To zan riƙa yin cizo ɗaya in tsaya."

"Sauran fa?"

"Allah zai kawo yadda za a yi da shi."

Ashe ni ce yadda za a yi da shi.

Daga ranar, mai kek na shigowa Tulu za ta saya. Ta gutsira sau ɗaya, ta lumshe ido, ta tauna a hankali kamar mai jin wani labari mai daɗi, ta kora da ruwa. Sai ta naɗe sauran a takarda ta turo kan teburina. "Yaya, riƙe min wannan, kada in gan shi."

Ku gaya min, a ina ake riƙe kek a teburin awo? Ga yadin mutane a shimfiɗe, ga tururuwa, ga maiƙo. Mu kuma uwar da ta haife mu ba ta yarda a zubar da ko ɓawon biredi ba, sai ta ja kunnenka har ya yi ja. Tulu ta san haka sarai, gida ɗaya muka tashi. Wuri ɗaya ne abin zai ɓoyu ba ta gan shi ba, can nake riƙe mata shi.

Ba a nan ya tsaya ba. Masu karɓar ɗinki in sun ji daɗin aiki sukan ajiye mana biskit ko alawa a teburin gaba. A da Tulu ce ke share su kafin in gama naɗe tef ɗin awo. Yanzu sai ta ɗauki guda, ta ciji gefensa, ta ce, "Kai, wannan ya yi daɗi, Yaya ci ki ji." Na zama ina cin rabona, ina cin nata, ga kuma kokwambar da na yanko daga gida tana yaushi a jaka.

Ita kuwa komai ya zauna mata, abin da ke ci min rai ke nan. Ta kwashe aljihun kekenta ta cika shi da zare. Ta samo wani ɗan gwangwanin maɓalli da ya ƙare, ta wanke, tana zuba gyaɗa daidai cikinsa, in ya ƙare ya ƙare. Karas da tuffa a roba. Tana gama abincin rana za ta je famfo ta goge baki da man goge haƙori, wai zaƙi ba ya daɗi a bakin da ke ƙamshin magani. In abin ya motsa mata sosai, sai ta kwashi kayan da aka gama ta kai wa masu guga da kanta, ko ta zaga layi ta dawo, kafin nan ya wuce.

Wuyanta ya fito. Gwiwa ta daina ƙara. Mijinta da a da sai dai ya yi hon a bakin titi, yanzu har cikin shago yake shigowa yana washe baki. Ta kawo min siket ɗinta in rage mata, na rage. A satin na farke nawa na ƙara masa yadi. Babbar mai guga, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ɗaga su biyun sama ta ce, "Jama'a ku gani, ba abin da ya ɓata a gidan nan. Abin da aka cire a na Tulu, ga shi a na yayarta." Har Madam sai da ta dara. Ba a daɗe ba aka sauya mana wuri.

Jiya ina baya na ji wata mai kawo ɗinki tana tambayar Tulu sirrin ramarta. Tulu ta gyara zama a kujerata, ta lissafa mata ƙwai, ruwa, ƙaramin faranti, gwangwanin gyaɗa, duk abin da ni na koya mata da wanda ta ƙara. Ta rufe da cizo ɗaya.

Matar ta ce, "To sauran ki yi yaya da shi? Ni in yana gabana sai na cinye."

"Sai ki miƙa wa na kusa da ke."

Na yaye labule na fito da almakashi a hannu. Na ce, "Baiwar Allah, ga na kusa da ita nan, ki kalle ni da kyau kafin ki gwada a kan 'yar'uwarki."

Tulu ta zaro ido. "Haba Yaya, ni na taɓa sa miki a baki?"

"Kin taɓa kai wa wani ba ni ba?"

"To ai ke ce tawa."

Kun ji fa. Kuma da yammar nan, ina tsaka da rubutun nan, ta tako har lungun baya da rabin kek a takarda, ta ajiye min a kan keke. Wai zuwan ma motsa jiki ne.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba kuma roƙo nake ba. Madam, ki mayar min da kujerata. Awo nake yi a wurin, kuma yawancin matan da ke shigowa shagon nan jikina gare su, ba na Tulu ba, in rigar gwaji ce a ɗinka daidai ni su ga yadda za ta zauna musu. Mai kek ta tsaya a bakin ƙofa, kada ta ƙara shigowa da tire. Ke kuma Tulu, duk wadda ta tambaye ki sirri, ki faɗa mata har da sunan inda sauran ke tafiya. Sannan daga gobe ki dawo da kekenki gefena. Ni zan yi cizo ɗaya, ke ki riƙe min sauran, kuma ki nemo inda za ki riƙe shi.